Kwanon Rufin da Malam Ɗanladi Bai Samu Ba

Duk Gungun Ɗorawa babu wanda ya kai Malam Ɗanladi iya kushe abin duniya, kuma babu wanda ya kai shi son kwanon rufi. Na farkon kowa ya sani, don a bainar jama'a yake yinsa kowace Lahadi. Na biyun kuwa daga shi sai Allah, sai matarsa Rahamatu, wadda ba a gaya mata ba amma ta sani.

Shi ne mai bisharar wannan tsibiri da ke tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yelwa, wato shi ke yi wa Kirista wa'azi. Kiristan gaba ɗayansu su goma sha huɗu ne, in an haɗa da Kansila Mainasara, wanda ba a ganinsa sai da Kirsimeti da lokacin zaɓe. Sauran mutanen gungun wasu Musulmi ne, wasu suna nan kan na kakanni, kowa dai da jigonsa na ban ruwa da lambun albasarsa, ba mai shiga sabgar wani. Majami'ar ta ƙasa ce da jinkar ciyawa, tana yoyo a wuri biyar, kuma Rahamatu ta san wuraren kamar yadda ta san 'ya'yanta. Da hadari ya haɗu sai ta zo da ƙore biyar ta jera. A irin wannan rana wa'azin Malam ya fi daɗi. Zai ɗaga Littafi Mai Tsarki sama gudun ɗigo, ya ce duk abin da mutum ya tara a nan ƙasa na gara ne da tsatsa da ɓarawo, tsofaffi suna gyaɗa kai, ruwa yana bin ƙeyarsu.

Amma shekarar da aka samu mulkin kai an kira su masu bishara taro a Zuru, ruwa ya ritsa da su a cikin wata majami'a mai kwano. Malam ya tsaya yana jin sama tana kaɗawa a kansa, ga shi ko ɗigo bai taɓa shi ba. Abin da mai wa'azi ya faɗa a ranar bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya dawo gida da wannan ciwo a zuciya, kuma shekara biyar bai warke ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa gwamnati tana datse kogi can Kainji, ruwa zai taso ya shanye gungun da lambunansa da kushewunsa. Aka yi kuka, aka yi zagi, wasu tsofaffi suka ce kogin da bai ji maganar kakanninsu ba ba zai ji ta Bature ba. Daga baya aka zauna sauraron yadda za a yi. Za a gina sabon gari a tudu, ɗaki a mayar da ɗaki, rumbu a mayar da rumbu. Akawu zai zo ya rubuta abin da kowa yake da shi. Da yake an san halin mutane, an ba akawun dabara: ya ɗaga kai ya dubi jinka, in ta yi baƙi da kunkunniyar hayaƙi, ɗakin zama ne, in kuwa tana nan ɗanya shar, an gina ta ne don shi. Sannan mutumin gari mai ilimin boko ya tsaya shaida ya sa hannu. A Gungun Ɗorawa mutum ɗaya ne ke iya rubuta sunansa ba tare da ya zaro harshe ba, shi ne Malam Ɗanladi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta hana shi sukuni. Ɗakin ibadar da tsawonsa ya kai ƙafa talatin, masallaci ne ko majami'a, za a rufa masa kwano. Wanda bai kai ba za a yi masa bango kawai, masu shi su yi jinkarsu. Malam ya auna majami'arsa da ƙafarsa ya samu ashirin da biyu. Ya sake aunawa daga ɗaya ɓangaren, kamar bango zai ƙaru in an juya masa baya. Har ya sa Rahamatu ta auna da tata ƙafar, da yake ta fi ƙanƙanta. Ta samu ashirin da shida, ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, akawun gwamnati ba da ƙafarta zai zo ba.

Shi kuwa Kansila Mainasara bai ɓata lokaci wurin awo ba. Mutum ne dogo mai faɗin murya, wanda a zaɓen da ya wuce ya yi wa gungun alkawarin gada, yanzu kuma yana cewa ai ya san ruwa zai zo shi ya sa bai yi ba. Cikin mako guda ya share gefen lambunsa, dab da majami'a, ya tsayar da ɗakuna goma sha takwas a jere. Lissafinsa a fili yake: goma sha takwas na siminti a sabon gari, ya zuba 'yan haya, ya zauna yana shan iska. Da ya gama ya zo gidan Malam da hantsi, ya zauna a kan turmi bai cire takalmi ba, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi lafiyar ikkilisiya, wato jama'ar majami'ar, kamar wata ƙasa ce mai nisa.

"Malam, ƙahwa takwas ɗai ar rage maka," in ji shi. "Ni ina da magina, ina da ƙasa. Kai kana da hannu. In ƙara ma ɗakin Ubangiji tsawo, kai ko ka sa hannu ga ɗakunan ga nawa. Wa anka cuta?"

Malam ya ce zai yi addu'a a kai. Kansila ya ce ya yi, amma ya yi da sauri, don akawu saura kwana goma sha biyu.

Addu'ar ba ta daɗe ba, don tun kafin ya durƙusa ya riga ya tanadi amsa. Kwanon ai ba a kan ɗakinsa za a sa ba, a kan ɗakin Ubangiji ne. Sa hannu kuma ba magana ba ce, bakinsa ba zai furta ƙarya ko ɗaya ba, alƙalami ne zai yi tafiyarsa. Ita kuwa gwamnatin da za ta iya tsayar da Kwara, ɗaki goma sha takwas ba zai sa ta rama ba. Da ya jera hujjojin nan sai ya ga sun yi kyau, har ya ji kamar ya yi wa'azi da su. Washegari magina suka fasa bangon gabas suka fara ɗora sabuwar ƙasa.

Lahadin da ta biyo baya tsofaffi suka ji sabon abu. Malam bai ambaci gara ba, bai ambaci tsatsa ba. Sai labarin yadda Sarki Sulemanu ya gina wa Allah ɗaki da zinariya da katakon ƙasar waje, bai yi ƙwauro ba. Kansila yana bencin gaba, ba Kirsimeti ba, ba zaɓe ba, kuma duk amin ɗin da aka yi nasa ne ya fi ƙara. Inna Dudu, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a ikkilisiyar, ta leƙa waje ta ga ko damina ce ta canza hanya.

Saura maganar kunkunniya. Jinkunan Kansila suna nan rawaya fes, kamar ranar da aka yanko ciyawar. Ya sa aka hura wutar girki a ciki kwana biyu, ko dusashewa ba su yi ba. Yana bukatar baƙin shekara goma cikin kwana tara. To, duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san hayaƙi ɗaya ne ke iya wannan aiki, shi ne hayaƙin banda, ɗanyen itace a ƙasa, kifi mai maiƙo a sama. Kansila ya sa aka yi shela cewa duk macen da ke da kifi ta kawo ɗakunansa, itace kyauta, inuwa kyauta, shi taimakon talakawa yake yi. Matan gungun ba su taɓa ganin irin wannan gata ba. Suka kafa gadajen banda, suka jera tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, hayaƙi ya turnuƙe har masu jirgin da ke wucewa suna tambayar ko gobara ce. Rahamatu, da yake ita ce uwar masu banda, ɗaki shida ta kama ita kaɗai.

Malam ya same ta tana juya kifi, idanunta jajur, ya tambaye ta a hankali ko ba ta jin kunyar sa hannunta cikin wannan aiki.

"Ni kihi nika banda, Malam," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Kowa yaz zo ya gani, kihi na. Mai sa hannu dai shi ad da kumya."

Hayaƙi ya kore shi.

Ranar da akawu zai zo, tun da safe aka kwashe kifi da gadaje, aka share toka, aka shimfiɗa tabarmi, aka rataya tsummoki a ƙofofi. Jinkuna sun yi baƙi ƙirin har suna ƙyalli. Kansila ya zagaya ya ce ko gidan kakansa bai kai su tsufa ba. Abu ɗaya ne babu wanda ya lura da shi, don duk mutumin gungun da shi ya tashi da shi ya kwanta, hancinsa ya daina kawo masa labari. Kyanwoyin garin ne kawai suka sani, suna zaune a ƙofar kowane ɗaki.

Akawun sunansa Malam Basiru, siririn mutum ɗan Yelwa, da farar hula da igiyar awo da babban littafi a hammata. Ubansa dillalin kifi ne a kasuwar Yelwa, a cikin kwandunan banda ya yi rarrafe. Tun jirginsu bai taɓa gaɓa ba ya buɗe hanci ya ce wa matuƙin, lallai bana garin nan sun samu tarwaɗa. Ya bi gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kai yana rubutu, Malam Ɗanladi yana biye da shi, har suka iso jeren Kansila.

Da yake ɗaki yana son mai shi, Kansila ya tanadi mazauna. Sai dai mutanen da suka yarda ba su kai ba, don haka ya roƙi Inna Dudu ta taimaka da ɗaki uku, ta riƙa zagayawa ta baya tana canza ɗankwali. Ita ta ɗauka wani wasa ne na gwamnati. A ɗaki na farko Malam Basiru ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi shekararta nawa a nan, ta ce tun tana amarya. A ɗaki na biyar ya sake samunta da jan ɗankwali tana haki, ya sake durƙusawa, ya yi mata sannu da hanya. A na tara ta riga ta gaji, ta manta ɗankwalin a hannunta. Ya ce, "Inna, ki huta nan, sauran ni ka zagayawa." Ta sa masa albarka, ta ce duk cikin ma'aikata shi ne mai hankali.

Kansila yana ta bayani, wannan na ƙanen matarsa ne, wancan na wani ɗan'uwa ne da ya tafi Ngaski ta'aziyya. Malam Basiru bai musa ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki na goma ya buɗe littafi, sai wani abu ya ɗigo daga jinka ya sauka a kan takardar. Ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya goge a gefen rigarsa. Sannan ya fito waje inda jama'a suka taru, ya juya wurin Malam Ɗanladi.

Malam ya riga ya ciro alƙalami. Duk shirinsa a kan alƙalamin nan yake: a miƙo littafi, ya dubi gefe, ya ja sunansa, shi ke nan. Amma akawun bai miƙo littafin ba.

"Malam, ni ban san addininku sosai ba," in ji shi. "Amma Kiristan da ubana yay yi ciniki da su, in sunka ce i, ba a sa su rantsuwa. Don haka ba ni sa ka. Hwaɗa mini da bakinka, in rubuta. Mi aka yi cikin ɗakunan ga?"

Da ya yi masa tsawa ne, ko ya yi barazanar kai shi gaban alƙali, da Malam ya san yadda zai yi. Amma mutumin yarda ya yi da shi, a gaban kowa, kuma ba shi kaɗai ya yarda da shi ba, har da wasu mutane da Malam bai taɓa gani ba, waɗanda suka sayar da kifi tsakani da Allah shekaru da suka wuce. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙafa. Ya dubi sabon bangon majami'a, ƙafa takwas cif, ƙasar ko gama bushewa ba ta yi ba. Ya ji ruwan Zuru yana kaɗawa a kunnensa, kuma wallahi bai taɓa jin daɗinsa kamar a wannan lokaci ba. Kansila yana yi masa murmushi. Rahamatu tana can baya cikin mata, ta sunkuyar da kai tana duban farcenta.

"Banda aka yi," in ji Malam Ɗanladi. Muryar ta fito 'yar ƙarama, sai ya sake. "Banda aka yi, malam akawu. Kwana tara."

Malam Basiru ya gyaɗa kai ya rubuta: ɗakunan bandar kifi goma sha takwas, mallakar Kansila Mainasara. Ya ce ai ba laifi ba ne mutum ya mallaki ɗakin banda, kuma gwamnati ta ce abin da aka samu shi za a mayar.

Abin da Kansila ya faɗa a wurin ba duka ne zai shiga takarda ba. Ya tuna wa Malam wanda ya saya wa ikkilisiya fitila, ya ce zai kai magana Yelwa, in ta ƙi ya kai Kaduna. Da ya ga akawun yana naɗe igiya zai nufi majami'a, sai ya sha gabansa ya nuna bangon da shi da kansa ya gina, ya ce a tambayi mai gaskiyar nan wannan kuma shekararsa nawa. Malam ya ce kwana goma sha ɗaya. Ya karɓi bakin igiyar da hannunsa, ya wuce sabon ginin, ya dafa ta a inda tsohon bango ya tsaya. Ashirin da biyu. Akawun ya tambaya mutum nawa ke sujada a ciki. Malam ya dubi bayan Kansila da ke tafiya yana kaɗa riga, ya ce da safe dai su goma sha huɗu ne.

A hanyar gida Rahamatu ba ta yaba masa ba, ba halinta ba ne. Ta dai ce ƙoren nan biyar za ta adana su da kyau wurin ƙaura.

Maganar ba ta je Kaduna ba. Kafin rani ya fita soja suka karɓi mulki, aka ce babu sauran jam'iyya, waɗanda Mainasara zai kai wa ƙara su ma suna neman wanda za su kai wa tasu. Bayan shekara uku ruwa ya taso kamar yadda aka ce. Mutane suka tsaya a tudu suna kallo har kan ɗorawar da gungun ya ci sunanta ya nutse, ranar babu wanda ya yi wa wani dariya.

A sabon gari gwamnati ta cika alkawari dalla-dalla. Majami'a ta samu bangon bulo ƙafa ashirin da biyu, jama'a suka yanko ciyawa suka yi jinka. Ciyawar tudu ba ta kai ta gungu ba, don haka yoyon ya zama wuri bakwai. Mainasara kuma ya samu ɗakunan bandarsa goma sha takwas, a jere dab da majami'a kamar yadda suke a littafi, gajeru, ba taga, ko yaro ba ya miƙewa a ciki, ga tafki tafiyar awa guda, babu macen da za ta ɗauko kifi ta kawo. Kuma da yake masu zanen gini sun ce ɗakin da wuta ke wuni a ciki ba a rufa masa ciyawa, duka goma sha takwas ɗin kwano aka rufa musu, sabo fil, yana ɗaukar ido tun daga hanyar Wara. Awaki ne suka tare a ciki.

Ruwan farko ya sauka ran Lahadi ana tsakiyar wa'azi. Malam ya ɗaga Littafi sama, ya kama maganar gara da tsatsa, sai kwanon maƙwabta ya ɗauka gaba ɗaya. Abin da ya ji a Zuru rufi ɗaya ne, wannan goma sha takwas. Ko shi bai jin muryar kansa. Ya yi ƙoƙari kaɗan, sannan ya yi shiru, ya rufe ido, ruwa yana ɗiga a kafaɗarsa. Tsofaffi suka ɗauka addu'a yake yi, su ma suka rufe nasu. Rahamatu ta tura ƙwarya da ƙafa zuwa inda yake tsaye.

Da aka tashi, Mainasara ya tsaya a bakin ƙofa. Tun da kansilanci ya ƙare ya zama mai zuwa kowane mako, a bencin baya, takalmi a waje. Ya jira kowa ya fita, ya matso ya rage murya. Ya ce shi kwanon nan ba ya yi masa amfanin komai, in Malam yana so gobe a ɓamɓare na ɗaki shida a rufa majami'a, kyauta, ba sa hannu, ba kowa.

Malam Ɗanladi ya daɗe yana duban jeren rufin, ruwa yana gangarowa a kansu yana sheƙi. Ya san ta inda kwanon ya fito, da shi aka ƙulla ƙaryar da ta kawo shi.

"A'a, Mainasara," ya ce. Ya share fuska da hannun riga. "Kuma don girman Allah, in za ka sake tambaya ta, ka bari sai da rani."